Kare wake daga ƙwari a lokacin fure

Gabatarwa

Wake yana cikin manyan abubuwan da ake nomawa a gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram. Daga Sasumburum da Yekuwa zuwa Bande da Waca, har Guci, Malawa da Dogo-Dogo, da wuya a ga gonar hatsi ko ta dawa wadda ba a tsarma wake a cikinta ba. Ɗanyen wake yana rufa wa iyali asiri kafin hatsi ya nuna. Harawa abincin dabbobi ce a lokacin rani. Wanda aka sayar kuwa, shi ke biyan kuɗin magani da tufafi da hidimar biki. A duniya Najeriya ce kan gaba wajen noman wake, Nijar tana bi mata, kuma wake mai yawa daga wannan yanki yana ƙetare iyaka zuwa kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau ta Kano.

Duk da haka, kowane manomi ya san shekarar da wake ya yi yaɗo, ya yi kore shar, ya cika da fure, amma a ƙarshe aka tashi da harawa kawai. Sau da yawa ƙwari ne ke jawo wannan hasara, kuma mafi yawanta tana aukuwa cikin makonni uku zuwa huɗu na lokacin fure. Wannan bayani zai nuna ƙwarin da ke ɓarna a wannan lokaci, yadda ake gane su, da yadda ake yaƙar su ba tare da an cutar da mutum ko dabba ba.

Me ya sa lokacin fure ya fi kowane lokaci haɗari?

Idan ƙwari suka ci ganyen wake yana ƙarami, yakan sake toho ya farfaɗo. Fure ba haka yake ba. Daga fure kwanso ke fitowa, daga kwanso ake samun ƙwaya. Furen da ya faɗi, kwanso ne ya faɗi.

Furen wake yana buɗewa da asuba, ya rufe kafin rana ta take, washegari ya bushe. Kafin ya buɗe yakan yi kwanaki yana ɗan ƙaramin kai kore. Waɗannan su za mu riƙa kira kawunan fure. A cikinsu ƙwari ke yin ƙwai, a cikinsu suke ɓuya, inda ido ba ya gani.

Irin wake mai saurin nuna yana fara fitar da kawunan fure tsakanin kwana 30 zuwa 35 bayan shuka. Irin gargajiya mai yaɗo yana jira sai yini ya fara gajarta, don haka yawanci sai cikin watan Satumba yake fure. Ya kamata manomi ya san irin da ya shuka da ranar da ya shuka shi, domin ya san lokacin da zai fara sa ido.

A lura: fari da tsananin zafin dare su ma suna zubar da fure. Saboda haka ba duk furen da aka gani a ƙasa ba ne aikin ƙwari. Sai an buɗe fure an duba cikinsa ake sanin gaskiya.

Manyan ƙwari biyar

*1. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin fure.* Masana suna kiransu tirifs. Sirara ne, tsawonsu bai wuce milimita 2 ba. Manyan baƙaƙe ne masu sheƙi, ƴaƴan kuwa fari-fari ne ko ruwan lemo. Suna tsotse ruwan kawunan fure, sai kawunan su yi launin ƙasa, su bushe, su faɗi kafin su buɗe. Daga ƙwai zuwa babba ba su wuce mako biyu zuwa uku ba, shi ya sa suke yawaita da sauri. Idan sun yi yawa, ana iya ganin gona mai ganye lafiyayye wadda ba ta da fure ko kaɗan.

*2. Tsutsar fure da kwanso.* Masana suna kiranta Maruka. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare. Tsutsar fara ce mai ɗigo-ɗigon baƙi a bayanta. Tana fara cin cikin fure, sannan ta huda kwanso ta ci ƙwaya. Alamarta ita ce yana irin ta gizo-gizo da ke liƙe fure da ganye ko kwanso biyu wuri guda, da kashinta a bakin ramin da ta huda. Ba ta iya jure ranin ƙasashen Sahel. Tana yin rani a kan itatuwa dangin wake a ƙasashen kudu masu laima, sannan ta biyo iskar damina zuwa arewa kowace shekara. Wannan shi ne dalilin da ya sa waken da ya makara ya fi shan wahalarta. An ƙiyasta cewa ɓarnarta tana kamawa daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

*3. Ƙwaro mai tsotsar kwanso.* Launin ƙasa gare shi, yana da ƴan ƙayoyi a kafaɗa, kuma yana wari idan aka taɓa shi. Yana soka bakinsa cikin ɗanyen kwanso ya tsotse ƙwaya. Kwanson sai ya yamutse, ya bushe kafin lokaci, ƙwayarsa ta zama holoƙo. Manomi kan ɗauka wake ne ya nuna da wuri, sai ranar sussuka ya ga babu nauyi. Yana cikin ƙwarin da suka fi yi wa wake ɓarna a jihohin Maradi da Damagaram.

*4. Darɓa.* Ƙananan ƙwari ne baƙaƙe masu taruwa a kan toho, ƙarƙashin ganye da jikin kwanso. Suna fitar da ruwa mai danƙo wanda tururuwa ke bi, daga baya ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Suna yawaita idan ruwan sama ya ɗauke na kwanaki, ruwa mai ƙarfi kuwa yana wanke su. Suna kuma ɗaukar cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare daga wannan tushe zuwa wancan.

*5. Hangara.* Babban ƙwaro ne baƙi mai ratsin ja ko na ruwan ɗorawa, yana cin furen da ya buɗe. Ruwan jikinsa yana sa fata ta yi bororo, don haka kada a kama shi da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a tsince shi da sassafe lokacin da ba ya da kuzari, a zuba cikin ruwan sabulu.

Yadda ake duba gona

Wanda ya tsaya a bakin gona ba zai ga waɗannan ƙwari ba. Daga ranar da kawunan fure suka fara fitowa, a shiga gona sau biyu a mako, da safe lokacin da furanni suke buɗe.

1. A ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, kada a tsaya a gefe kawai.
2. A tsinki fure 20 daga tushe 20 daban-daban.
3. A buɗe kowane fure a kan farin ƙyalle ko farar takarda, a kakkaɓe shi.
4. A ƙidaya ƙananan baƙaƙen ƙwari, a duba ko akwai tsutsa.
5. A ɗaga ganye a duba darɓa, a duba kwanso ko akwai rami, yana ko yamutsewa.
6. A rubuta kwanan wata da abin da aka gani a cikin littafi.

Masana da yawa suna ɗaukar cewa idan ƙananan baƙaƙen ƙwari suka kai 5 a kowane fure, lokacin feshi ya yi. A cikin fure 20, wannan ya kama ƙwari 100. Haka nan idan aka tarar da tsutsa a cikin furanni da dama, kada a jira. Tsutsa tana ƙarama kuma tana cikin fure ake samun ta. Da zarar ta shige cikin kwanso, magani ba ya kai mata.

Rubutun da aka ajiye yana da amfani har shekara mai zuwa, domin yana nuna wa manomi makon da ƙwari suka saba zuwa gonarsa.

Rigakafi ya fi magani

- A yi shuka da wuri, kuma maƙwabta su yi ƙoƙarin shukawa lokaci guda. Gonar da ta makara ita ke karɓar ƙwarin da suka taso daga gonakin da suka riga ta.
- A nemi iri mai saurin nuna, kamar IT90K-372-1-2 da TN5-78, waɗanda ke nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Furensu yana fitowa kusan lokaci guda, don haka feshi kaɗan ya ishe su.
- A shuka wake a layi. Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda ke da reshe a Kano, ta gwada tsarin layi 2 na hatsi ko dawa da layi 4 na wake. Wake yana samun rana, kuma ana iya fesa shi ba tare da an ɓarnatar da magani a kan hatsi ba.
- A yi noma a kan lokaci. Ciyawa mafakar ƙwari ce.
- A kiyaye abokan manomi. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya duk suna cin ƙwarin wake. Feshi barkatai yana kashe su, daga nan ƙwarin ɓarna su dawo fiye da da.

Maganin ƴaƴan bedi

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, yana nan a kowane gari. A cikin ƙwayar ƴaƴansa akwai sinadarin da ke hana ƙwari cin abinci, ya kuma hana tsutsa girma. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta gwada shi a gonakin wake, an kuma ga amfaninsa. Ga yadda ake haɗa shi:

1. A tattara nunannun ƴaƴan bedi, a cire naman, a wanke.
2. A shanya a inuwa har su bushe sarai. A zubar da duk wanda ya yi fumfuna. A ajiye sauran cikin buhu mai shan iska, ba cikin leda ba.
3. Ana gobe feshi, a daka su zama gari. A keɓe turmi na musamman saboda ɗaci.
4. A jiƙa giram 500, wato rabin kilo, cikin lita 10 na ruwa. A rufe a inuwa ya kwana.
5. A tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don kada ya toshe bakin famfon feshi.
6. A narka ɗan farin sabulu a zuba, domin maganin ya kama ganye.
7. A fesa a ranar da aka tace. Idan ya daɗe, ƙarfinsa yana raguwa.

Lita 10 suna isar wuri mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. Eka guda, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, tana bukatar kimanin lita 250 na ruwa da kilo 12 da rabi na gari. Saboda haka ya kamata a fara tara ƴaƴan bedi tun kafin damina. Aiki ne da ƙungiyoyin mata da matasa za su iya yi, har su sayar.

A yi feshi da marece, domin hasken rana yana kashe ƙarfin maganin. A jiƙa furanni da ƙarƙashin ganye sosai. A maimaita kowane mako, daga fitowar kawunan fure har kwanso ya yi ƙwari. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi bayan feshi, a sake. Bedi ba ya kashe ƙwaro nan take, don haka kada a ce bai yi aiki ba don ba a ga gawar ƙwari a ƙasa ba. Ya fi amfani idan aka fara shi kafin ƙwari su yi yawa.

Maganin kwalba

Idan ƙwari sun fi ƙarfin bedi, ana iya amfani da maganin da ake saya. Yawan feshi ba ya ƙara amfani. Abin da ke ƙara shi shi ne dacewa da lokaci. Shawarar masana ga iri mai saurin nuna ita ce:

- Feshi na farko: lokacin da kawunan fure suka fito, kwana 30 zuwa 35 bayan shuka. Wannan domin ƙananan baƙaƙen ƙwari ne da farkon tsutsa.
- Feshi na biyu: kwana 10 bayan na farko, lokacin da fure ya cika kuma kwanso ya fara fitowa.
- Feshi na uku: kwana 10 bayan na biyu, idan binciken gona ya nuna ƙwaro mai tsotsar kwanso ko tsutsa suna nan.

Ga irin gargajiya mai yaɗo, ana fara ƙidaya ne daga ranar da kawunan fure suka fito.

Ba kowane magani da ke kasuwa ne hukuma ta yarda da shi ba. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suna da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari, wanda ya fara aiki a 1994. Maganin da ya amince da shi yana ɗauke da lamba mai kalmar SAHEL a jikin takardarsa. A nemi wannan kalma kafin a biya kuɗi. Kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ko wanda ba shi da takarda.

A ƙasan takardar akwai ratsin launi mai nuna ƙarfin gubar:

- Ja: guba mai tsanani ƙwarai.
- Ruwan ɗorawa: guba mai cutarwa.
- Shuɗi: a yi hattara.
- Kore: haɗarinsa kaɗan ne idan aka bi ƙa'ida.

Maganin da ake kira piya-piya guba ne mai ƙarfi. Kada a zuba shi a kan waken da za a ci ko za a sayar. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda an sami ragowar irin wannan guba da yawa a cikinsa. Domin ajiya, buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an sa magani ba.

Kiyaye lafiya wajen feshi

1. A karanta takardar magani, ko a sa wanda ya iya ya karanta. A auna daidai yadda aka rubuta. Ƙari hasarar kuɗi ne, ragi kuwa yana sa ƙwari su saba da maganin.
2. A sa riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi rufaffe, safar hannu, da abin rufe hanci da baki.
3. A yi feshi da marece lokacin da iska ta kwanta. Da safe ƙudan zuma suna kan furanni, feshi zai kashe su.
4. A ba iska baya. Kada a fesa idan hadari ya haɗu.
5. Kada a ci abinci, ko goro, ko a sha taba ana cikin aiki. Kada a busa bakin famfo da baki idan ya toshe.
6. Yara da mata masu ciki ko masu shayarwa kada su yi feshi, kada su shiga gonar a ranar.
7. Bayan aiki a yi wanka da sabulu, a wanke tufafin daban. Kada a wanke famfo kusa da rijiya, tafki ko fadama.
8. A huda kwalbar da ta ƙare don kada a zuba ruwa, mai ko nono a cikinta.
9. A takardar akwai adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Kafin su cika, kada a ci ɗanyen wake, kada a ba dabba harawa.

Alamomin guba sun haɗa da ciwon kai, jiri, amai, yawan gumi da yawu, gani dishi-dishi da wahalar numfashi. Idan aka ga haka, a fitar da mutum daga gonar, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai. A gaggauta kai shi gidan likita mafi kusa, a tafi da kwalbar maganin domin ma'aikatan lafiya su san abin da ya taɓa shi.

Sabbin hanyoyi

Manoman jihohin Maradi da Damagaram da yawa sun san ƴan jakunkunan nan da ake ratayawa a gari, waɗanda wani ɗan ƙaramin zanzaro ke fita daga cikinsu ya kashe murzunar hatsi. Ana neman irin wannan hanya ga wake. A shekarar 2016 IITA ta saki wasu ƙananan zanzaro iri biyu da aka kawo daga Asiya a ƙasashen Benin da Burkina Faso, domin su kashe tsutsar Maruka.

A Najeriya kuma, a shekarar 2019, an amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar. An sauya masa ƙwayar halitta yadda tsutsar Maruka ba ta iya cinsa. Amma bai da kariya daga ƙananan baƙaƙen ƙwarin fure, darɓa ko ƙwaro mai tsotsar kwanso, don haka shi ma yana bukatar feshi, ko da yake kaɗan. Kowace ƙasa tana da dokarta game da irin wannan iri. Wanda ya gan shi a kasuwar iyaka ya fara tambayar malamin gona kafin ya saya.

Ina za a nemi taimako?

Akwai ma'aikatar gona a Magarya da Dungas, akwai malaman gona a ƙananan hukumomi, akwai kuma ma'aikatan kare tsirrai da masu feshi da aka horar a garuruwa. Wanda ya ga ƙwaron da bai sani ba, ya sa shi cikin kwalba tare da furen ko kwanson da ya lalata, ya kai musu. Idan manoman gari guda suka haɗa kai, suna iya sayen famfo da kayan kariya tare, su tara ƴaƴan bedi tare, su kuma yi feshi a mako guda, yadda ƙwari ba za su sami gonar gudu ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wane irin wake kuke shukawa, kuma kwana nawa yake yi kafin ya fara fure?
2. A cikin ƙwari biyar da aka ambata, wane ne ya fi yi muku ɓarna bara?
3. Idan manomi ya ƙidaya ƙananan baƙaƙen ƙwari 60 a cikin fure 20, nawa ke nan a kowane fure? Lokacin feshi ya yi?
4. Kilo nawa na garin ƴaƴan bedi ake bukata domin rabin eka?
5. Wane mataki garinku zai ɗauka game da kwalaben magani da suka ƙare?